Kirsimeti a Cikin Jirgin Ruwa: Jawabi ga Dattawa da 'Yan Ikkilisiya



An roƙe ni in faɗi kaɗan daga abin da na gani sa'ad da na yi hidima cikin jirgin ruwan asibiti mai suna Africa Mercy, lokacin da yake tsaye a tashar Duwala ta ƙasar Kamaru daga 2017 zuwa 2018. Jirgin na ƙungiyar Mercy Ships ne, wadda Don Stephens da matarsa Deyon suka kafa a 1978. Dā can jirgin fito ne a ƙasar Danmak, yana haye da jiragen ƙasa. Aka gyara shi, ya soma aikin asibiti a 2007. Tsawonsa mita 152 ne, yana da ɗakunan tiyata 5, kuma ana yi wa mutane aiki kyauta.

Mu kimanin 400 ne a ciki, daga ƙasashe fiye da 30. Akwai likitoci da nas-nas, akwai masu dafa abinci, injiniyoyi da malaman makaranta, gama 'ya'yan ma'aikata suna karatu a cikin jirgin. Kusan kowa aikin sa kai yake yi. Ɗakin kwana ƙanƙane ne, gado bisa gado, mutum huɗu ko shida. Ruwa kuwa da awo ne, wanka ba ya wuce minti biyu. Ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka sa sabulu, ka ɗauraye. Ni da na saba da fili da inuwar darbejiya, makonni na fari sun yi mini wuya ƙwarai. Idan ka yi fushi da ɗan'uwa da safe, da shi za ka zauna a teburin abinci da rana. Babu inda za ka gudu, dole ku shirya.

Da watan Disamba ya kama, kowace al'umma ta kawo al'adarta. Ranar 5 ga wata mutanen Holan suka yi bikin Sinterklaas, suka ba yara kyautai. Ranar 13 mutanen Suwidin da maƙwabtansu suka yi jerin gwano da fararen riguna da fitilu, suna tunawa da Lusiya mai tsarki. Mutanen Ostareliya suka tara mu a bakin tasha da dare, muka raira waƙoƙin Kirsimeti. A daren jajibere kowa ya ajiye takalminsa a bakin ƙofa. Da gari ya waye, na tarar da nawa cike da alewa, biskit da 'yan takardun gaisuwa, waɗansu daga mutanen da ban ma san sunansu ba.

Ba zan ɓoye maku ba, a daren nan na yi kewar gida. Na tuna shinkafa da miyar kaza, da yara cikin sababbin kaya suna bin gida-gida, da kwanon abinci da mukan aika wa maƙwabtanmu Musulmi kamar yadda sukan aiko mana da naman layya. Amma a ƙasan benen da muke kwana akwai marasa lafiya da ba a sallama ba tukuna. Da muka sauka muka gaishe su, kewar ta ragu.

Dattawa, ga abin da ya dame ni tun dawowata. Mu ma 'yan kaɗan ne a garuruwan da muke zaune, kamar mutanen cikin jirgi ɗaya. Duk da haka muna rabuwa a kan ƙabila lokacin zaɓen dattawa, har wani ya daina zuwa sujada domin ba ɗan yarensu ne ma'aji ba. Kowace Disamba kuma akwai magidanta da suke cin bashi domin ɗinki da yanka, har kuɗin makarantar Janairu ya gagare su, alhali gwauruwar da ke bayan majami'a ba ta ɗora tukunya ba.

Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 27. Mutum 276 ne cikin jirgin da ya ɗauki Manzo Bulus, da fursunoni da sojoji da matuƙa. Bayan kwana goma sha huɗu cikin hadari, Bulus ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gabansu duka, suka ci, suka sami ƙarfin zuciya. Jirgin ya farfashe, amma ko mutum ɗaya bai hallaka ba.

Saboda haka ina roƙon abu biyu a wannan shekara. Na fari, kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen gwauraye, marayu da baƙin da ke cikinta kafin 15 ga Disamba, zumuntar mata da matasa su raba gidajen a tsakaninsu. Na biyu, a sujadar Kirsimeti a ba kowane yare da ke cikinmu dama ya kawo waƙa ɗaya, komai ƙanƙantar masu jinsa.

Ubangiji ya ba mu zuciya ɗaya, ya kai mu gaci lafiya. Amin.