Littafin Da Aka Ƙwace Mana A Aji Biyar



Shugaban wannan taro, malamanmu da suka sha wahalar tarbiyyarmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Da kwamitin shirye-shirye ya nemi in ce wani abu game da karatun littattafai, sai na ga babu abin da ya fi dacewa in tuna mana da shi kamar littafin nan da ya raba ɗakin kwananmu gida uku a shekarar 2007, muna aji biyar. Na ga wasu sun fara murmushi, sun gane Ƙarshen Alewa Ƙasa nake nufi, na Bature Gagare, mutumin Katsina.

Ni ne na kawo shi makaranta. A Mahuta na tsince shi lokacin hutu, cikin akwatin kawuna, tsohon malamin firamare, bangonsa ya yage, gara ta ɗan taɓa gefensa. Littafin ya girme mu duka, domin a 1982 aka buga shi, bayan gasar rubutu da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya a 1980, gasar da ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Mohammed Bello. Ga waɗanda ba su karanta ba, labari ne na wani Bamaguje mai suna Mailoma, wanda ya rikiɗe ya zama ƙasurgumin mugu. Akwai noman wiwi a ciki, akwai bindigogi da kisan kai, akwai kuma tsofaffin sojojin da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bari ba su da abin yi. Mu da muka saba da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ba mu taɓa zaton ana iya rubuta irin wannan da Hausa ba. Mun ɗauka sai a littattafan James Hadley Chase da yayyenmu ke yawo da su a aljihu.

Cikin mako uku littafin ya zagaye ɗakin, ana karanta shi da tocila a ƙarƙashin bargo. Daga nan gardama ta tashi. Kashi na farko suka ce ƙarya ce tsagwaronta, ina aka taɓa ganin ɗan ƙauye manomi ya tara mayaƙa da makamai haka a ƙasar Hausa? Kashi na biyu kuwa Mailoma ya burge su ƙwarai, har wani daga cikinmu ya laƙaba wa kansa sunan, yana tsorata 'yan aji ɗaya da shi. Kashi na uku, inda nake, mu muka yi shiru. Ni dai na yi kwanaki barci bai yi mini daɗi ba. Ba jinin da aka zubar a labarin ne ya hana ni sukuni ba. Abin da ya dame ni shi ne na kama kaina a wurare da dama ina fatan mugun nan ya kuɓuta, alhali na san abin da ya aikata. Na rasa wanda zan gaya wa, don kada a ce zuciyata ta ɓaci.

Ana cikin haka malaminmu na Hausa, ga shi can zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kama littafin a hannun wani ana tsakiyar darasi. Muka ce shi ke nan, mun rabu da shi, musamman da yake a shekarar ce aka ƙona wasu littattafan hikaya a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kowa kuma ya ji labari. Bayan kwana huɗu sai Malam ya aiko a kira ni. Na shiga ofis jikina na rawa, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, “Kai ne mai littafin nan?” Na ce, “Na kawuna ne, Malam.” Ya ce, “To, na sake karanta shi. Tambaya ɗaya zan yi maka. A wane shafi ka daina tausaya wa Mailoma?” Na yi shiru, na rasa amsa. Ya miƙo mini littafin ya ce, “Je ka nemo wurin, ka dawo ka gaya mini.”

Wannan tambaya ita ce ta koya mini karatu. Na koma na bi labarin a hankali, sai na ga ashe marubucin da gangan ya jawo mu cikin zuciyar mutumin, ya nuna mana yadda mugunta ke shiga da kaɗan-kaɗan, kowane mataki da uzurinsa. A darasi na gaba Malam ya tuna mana cewa baƙin labari ba baƙo ba ne a adabinmu, domin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito tun shekarun 1930, labarin ramuwar gayya ne mai ɗaci. Ya kuma ce wa mai laƙabin nan ya tashi ya faɗi sunan littafin da ƙarfi, ya fassara wa aji karin maganar. Daga ranar bai ƙara amsa sunan ba.

'Yan'uwa, ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da Malumfashi. A shekarun nan kuma mun ga manoman masara da auduga a Faskari da Sabuwa da Dandume sun bar gonakinsu saboda tsoro. Washegarin abin Ƙanƙara, abokinmu da ya fi kowa cewa littafin ƙarya ne ya buga mini waya, ya ce, “Ashe ba ƙarya ba ne.” Ban ce Bature Gagare ya san gaibu ba, kuma tushen fitinar da ta same mu daban yake da na labarinsa. Amma ya riga mu lura da abin da ke faruwa idan matashi da ƙwaya da bindiga suka haɗu a inda babu mai kula.

Yanzu da yawanmu mun zama iyaye. A wurin aiki nakan ji abokai suna cewa sun ƙwace wa yaro littafi ko waya, maganar ta ƙare a nan. Haƙiƙa akwai abin da bai kamata ƙaramin yaro ya karanta ba, ba na musun wannan. Sai dai da Malam ya jefa littafin nan a wuta, da masu sha'awar Mailoma sun ci gaba da sha'awarsa a ɓoye, ni kuma da na ci gaba da zargin kaina.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, cikin gudummawar bana a ware wani abu don sayen littattafan Hausa, tsofaffi da sababbi, a zuba a laburaren makaranta. Na biyu, duk zangon karatu mutum ɗaya daga cikinmu ya zo ya zauna da 'yan aji biyar da shida, su tattauna littafi guda da suka karanta. Ni na ɗauki zangon farko, kuma littafin kawuna yana nan a jakata.

Malam, amsar tambayarka na same ta tuni, in an tashi zan zo in faɗa maka.