Yini Guda a Gidan Makama

Yau za mu yi zancen wani gida da ke cikin birnin Kano, dab da gidan Sarki. Sunansa Gidan Makama. An ce an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya ci sarautar Kano cikin 1463. Yanzu ya zama gidan ajiye kayan tarihi, kowa yana iya shiga ya yi kallo.

In an gama girbi, mun sami sukuni, ya kamata mu ware yini guda mu je. Amma kada mu shiga da gaggawa kamar masu cin kasuwa. Wurin nan na mai natsuwa ne.

Da shigarmu zaure, mu fara ɗaga kai sama. Za mu ga bakan gizo da magina suka ɗaura da azara da ƙasa. Mu dubi kaurin bangon, mu ji sanyin ɗakin ko da rana tsaka. Akwai kuma tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, waɗanda a ke rufewa da dare a zamanin da.

Sa'an nan mu wuce wurin tufafi. In mun ga babbar riga mai aiki, mu tsaya. Manomi ne ya noma audugar. Mace ta kaɗa zaren. Masaƙi ya saƙa, aka haɗa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Marini ya tsoma a baba, mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi. Mai ɗinki kuwa ya kan yi watanni da allura a hannu kafin ya gama aska takwas. Kun ga riga ɗaya, hannu shida.

Haka kuma kayan doki, watau sirdi da linzami da likkafa. Jar fatar da dukawa ke aiki da ita, da karan dafi a ke rina ta. Irin fatar nan ce fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita, har Turawa suka sa mata sunan Maroko, alhali kuwa ta akuyoyinmu ce. A ɗakin amarya za mu ga jere, da faifai masu launi, da ƙore masu zane. Inda muka ga 'yar takarda kusa da kaya, mu karanta a hankali. Abin da ya shige mana duhu, mu tambayi ma'aikatan gidan.

To, jama'a, su wa suka yi kayan nan duka? Talakawa ne irinmu, mutanen birni da na ƙauye. Yau ga shi har daga Ingila da Amurka a ke zuwa kallon aikinsu. Mu kuwa sau da yawa mu kan bar ƙwaryar kaka a bayan ɗaki gara ta cinye, ko mu sayar da rigar gado da arha domin ta tsufa.

In mun koma gida, mu binciko irin waɗannan kaya. Mu kakkaɓe su, mu riƙa shanya tufafin, mu ɗaga ƙoren daga ƙasa. In akwai tsoho a garinmu da ya iya saƙa ko dukanci, mu tura yaro ya zauna wurinsa tun yana da rai. Riga tana ajiyuwa a adaka, amma sana'a sai a hannun mutum.

Allah ya ba mu ikon zuwa. Mu kwana lafiya.