Idan Mutuwa Ta Riske Mu A Baƙunta

(Jawabin da aka yi a zaman ta'aziyya na Hausawa Kirista mazauna Sabo, Ibadan)

 

Jama'a, mutuwa rigar kowa ce, amma ta baƙunta tana da nata ɗacin daban. Tun hawaye bai bushe ba sai ka ji an fara tambaya: a nan za a binne, ko gida za a kai? Daga nan sai lissafin kuɗin mota, da na akwati, da na ɗakin ajiye gawa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: mun ga gidan da aka ci bashi aka kai gawa Arewa, aka dawo marayu ba kuɗin makaranta. Mun kuma ga gwauruwar da ta binne mijinta a nan, dangi suka yi ta zarginta wai ta yar da shi a ƙasar wasu.

To, me Littafi Mai Tsarki ya nuna mana? Ku duba Farawa sura 23. Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127, nesa da ƙasar da aka haife ta. Ibrahim ya yi kukanta, sannan ya tashi ya je wurin Hittiyawa masu gari, ya shaida musu shi baƙo ne a cikinsu. Ya sayi kogon Makfela daga hannun Efron a kan shekel 400 na azurfa, ya binne matarsa a nan. Bai mai da ita ƙasar iyayensu ba. Amma kuma jikansa Yakubu, da zai rasu a Masar, ya roƙi a kai shi Kan'ana, aka kuwa kai shi. Yusufu ma ya bar wasiyya a kan ƙasusuwansa, Musa ya ɗauke su ranar fita daga Masar. Kun ga ke nan, wanda ya kai gida bai yi laifi ba, wanda ya binne a nan ma bai yi ba. Saboda haka a daina zargin juna.

Dalili kuwa shi ne begenmu ba a kan wurin kabari yake ba. Mun gaskata Yesu Almasihu ya mutu, ya tashi a rana ta uku, kuma waɗanda suka yi barci cikinsa za su tashi. Ran nan Ubangiji ba zai nemi mai nuna masa hanya ba. Ƙasar Ibadan tasa ce, kamar yadda ta Zariya da ta Kafanchan suke nasa.

Wannan bege bai hana kuka ba. A Betanya, Li'azaru ya kwana 4 a kabari, Yesu ya san zai tashe shi, duk da haka ya zub da hawaye tare da masu makoki. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari ga Tasalonikawa sura 4, bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ne ya hana. Don haka kada mu ce wa uwa mai kukan ɗanta ai bangaskiyarta ta yi rauni. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba. Sai da suka buɗe baki ne suka ɓata abin.

Muna roƙon abu biyu. Na ɗaya, kada iyali su ci bashin da ya fi ƙarfinsu don jin kunyar mutane. In an haɗa gudummawa, a ware rabon marayu tukuna. Na biyu, kada ta'aziyyarmu ta ƙare ranar da aka naɗe tabarmi. Wata na uku, lokacin da kuɗin haya ya taso kuma ƙafa ta ɗauke, a nan ne ake sanin ɗan'uwa. Zumunta a ƙafa take. Iyayenmu mata, ku leƙa. Matasa, ku je ku ɗebo musu ruwa.

Allah ya ta'azantar da waɗanda aka yi wa rashi, ya raya abin da aka bari, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Amin.