Ido Ke Kallo, Hankali Ke Gani

Iyayenmu maza da mata, 'yan kasuwa, direbobi da masu babura, mun gode da kuka bar rumfunanku kuka zo.

Idan aka yi hatsari a bakin kasuwa, maganar da aka fi ji daga bakin direba ita ce, "Wallahi na duba, ban gan shi ba." Sau da yawa gaskiya yake faɗa. Dalilin haka muka zo mu bayyana muku.

Kowa ya miƙe hannunsa ya dubi farcen babban yatsansa. Kusan gwargwadon faɗin nan kaɗai ido ke gani tar a lokaci guda, sauran kuwa dishi-dishi ne. Ido yakan yi tsalle wajen sau 3 a daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa guntayen, tana fifita abin da hankali ya nufa.

A shekarar 1999, Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard a Amurka sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce su ƙirga jifan masu fararen riguna. Ana cikin haka wani mai shigar goggon biri ya ratsa tsakiyar 'yan wasan. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba, alhali idanunsu na kan hoton. Mai ƙirga canji ko mai amsa waya a bakin titi yana cikin irin wannan hali.

Masana sun kuma ƙirƙiro manhajojin kwamfuta masu kintatar inda ido zai faɗa. Abin da ke fizgar ido shi ne launi mai haske, da abin da ya bambanta da kewayensa, da motsi. Sai dai motar da ta doso ka gaba-da-gaba ba ta gilmawa, girma kawai take yi a hankali, har sai ta matso. Babur siriri ne, don haka ya fi wuyar ƙiyastawa, kuma yara sun fi manya kuskure wajen auna gudun abin hawa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa.

Saboda haka, kafin ku tsallaka, ku ajiye waya, ku tsaya cak, ku dubi kowane ɓangare sau biyu, na biyun domin babur. Ku riƙe hannun yaro, kada ku aike shi ƙetaren titi ranar kasuwa. Da magariba ku sa tufafi masu haske. Direbobi, ku rage gudu a cikin cunkoso. Masu babura, ku kunna fitila ko da rana.

Kada wanda ke ƙasa ya ɗauka an gan shi don kawai an juyo wajensa. Allah Ya kai kowa gida lafiya.