JAWABIN SHUGABAR MATA KAN TAKARDUN GIDAJE DA KUƊIN UNGUWANNINMU



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu da na akwatuna, da 'yan matanmu masu hidima, barkanmu da warhaka. Ya gida, ya yara, ya haƙuri da tsadar rayuwa? Allah Ya kawo mana sauƙi. Wannan shi ne jawabin zamanmu na wata, an rubuta shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Don Allah wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, kuma a daure a kai ƙarshe.

Maganar yau ba ta anko ba ce, ba ta gangami ba. Magana ce ta takarda. Mu mata mu ne kan layi tun asuba ranar zaɓe, da goyo, da rana, da ƙishirwa. Amma da an rantsar da mutane sai mu koma gida, sai dai mu ji an ce an ware kuɗi, an ce an ba da kwangila, an ce an sayar da fili. Rayuwarmu duk ta tafi a "an ce". Alhali yawancin abubuwan nan a rubuce suke, wasu ma suna cikin wayar da ke hannunki, kuma doka ta ba ki damar ki gani. Gani ya kori ji.

Mu da muka zauna a Islamiyya mun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. To idan bashin da ke tsakanin mutum biyu an ce a rubuta, ina ga dukiyar jama'a, ina ga gidan marayu? Don haka neman takarda ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin yarda ba ne. Tarbiyyar addininmu ce.

Bari in fara da gida, don nan ne ya fi mana ciwo.

Wace ce a cikinmu ba ta san labarin matar da mijinta ya rasu, ko takaba ba ta gama ba, sai ga wani da takarda wai an sayar masa da gidan? Ko wadda ta shekara biyar tana zubin adashi, ta sayi fuloti, ranar da ta kai bulo ta tarar wani ya haƙa tushe, shi ma da tasa takardar, dillali ɗaya ne ya sayar musu su biyu?

Ku riƙe wannan. A dokar filaye ta 1978, ƙasar da ke cikin birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma shaidar mallakar da gwamnati ke bayarwa ita ce wadda muke kira C of O. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani, kada ki yar da ita, amma ba ta kai wannan ƙarfi ba. A nan Kaduna, tun 2015 aka kafa hukumar KADGIS, aka mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta, da taswira da lambar fayil. Ma'ana, kafin ki ba dillali ko sisi, za ki iya karɓar lambar fayil ɗin, a je ofishin, a cike fom, a biya kuɗin bincike, a gaya miki sunan wa ke kan filin, kuma ko an jinginar da shi a banki. Mai sayarwar da ya ƙi ba ki lambar, ko ya ce ki yi sauri akwai wani mai so, ki kama kuɗinki ki tafi. Kuma kafin a ɗora bulo a nemi izinin gini a KASUPDA, don kada a gama a zo a shafa jan fenti. Rigakafi ya fi magani.

Abu na biyu a kan gida: sunan wa ke kan takardar? Idan da kuɗinki kika saya, na sana'a ne, na gado ne, na sadaki ne, ki sa sunanki. Musulunci ya ba mace dukiyarta, aure bai mayar da ita ta miji ba. Ba ina zuga ku ku yi wa mazajenku tsaye ba ne, Allah Ya kiyaye. Maigida na gari shi ne ma zai raka ki. Amma rai ba a hannunmu yake ba. Ranar da ya faɗi, duk abin da ke da sunansa gado za a kira shi, ke kuma tumuni ne naki idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, in kuna da yawa ku raba a tsakaninku. Filin da kika saya da guminki sai ki koma kina rantsuwa a kansa.

Idan kuma an raba gado, kada a tsaya a baki. A karɓi takardar kotu, a je a gyara suna a rajista. Gida nawa ne a Tudun Wada da Kawo da Rigasa har yau da sunan kaka, jikoki sun kai talatin, kowa na jiran ranar rigima?

Na zo kan kuɗin gwamnati.

Kowane wata ana zama a Abuja a raba kuɗin tarayya tsakanin gwamnatin tarayya, jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rahoton rabon a intanet, kowace ƙaramar hukuma da sunanta da abin da aka rubuta mata, har da namu guda 23 na jihar nan. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi a tura musu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Aiwatar da hukuncin ya zo da ja-in-ja, shi ya sa ma tambayar ta zama dole: nawa aka rubuta, nawa ya iso, me aka yi da shi?

Kuma ki san aikin da ke wuyan ƙaramar hukuma, don kada a yi ta wasa da hankalinki ana cewa na jiha ne, na tarayya ne. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa da titunan cikin unguwa, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Kun ga ai duk rayuwar mace ce a nan. Kwatar da ke cika ta shigo mana ɗaki da damina, bolar da ke bakin makarantar yara, rumfar da kike biya wa haya a kasuwa.

Nijeriya ta shiga ƙawancen ƙasashe na gudanar da gwamnati a buɗe a 2016, jiharmu ta Kaduna ta samu shiga a 2018. A ƙarƙashin wannan ne aka yi alƙawarin baje kasafin kuɗi da bayanan kwangiloli a fili. Ana sa kasafin jiha a shafin gwamnati, har da taƙaitaccensa da ake yi domin talakawa. An kuma fito da tsarin Eyes and Ears, wato ido da kunne, don ɗan ƙasa ya ga aikin da aka ce ana yi kusa da shi, ya ɗauki hoto ya kai rahoto. Akwai kuma ƙungiyar BudgIT mai zaman kanta, da shirinta na Tracka, masu bibiyar ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Ƙofofin nan an buɗe su, amma mu nawa ne muka taɓa leƙawa? Ƙofar da ba a shiga, wata rana rufe ta za a yi, ba wanda zai sani.

Ga asibitin unguwa. Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma tsarin shi ne kowace mazaɓa ta samu ƙaramin asibiti guda mai aiki sosai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, wani kaso yana shiga asusun asibitocin da aka yi wa rajista kai tsaye. Akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kai. Mata nawa ne a kwamitin mazaɓarki? Kin san ranar zamansu? Mu ne fa masu zuwa awo, mu ne masu haihuwa, mu ne ake rubuta wa magani a ce mu saya a waje. Haka kwamitin kula da makaranta na firamaren unguwa, akwai kujerar iyaye mata a ciki. Kada mu bar ta babu kowa.

'Yan kasuwarmu, masu rumfa da masu tebur, duk kuɗin da aka karɓa a hannunki da sunan haraji ki nemi rasit, ki duba sunan hukuma da kwanan wata, ki adana a leda. Kuɗin da ba rasit, aljihun wani ya tafi, gobe kuma a ce ba ki biya ba.

To idan kin nema an hana ki fa? Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2011. Kowa na da damar rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, kuma ba sai kin faɗi dalilinki ba. Kwana 7 doka ta ba su su amsa, in aikin da yawa su ƙara wasu 7. In za su hana, sai sun rubuto dalili, ke kuma kina da kwana 30 ki kai ƙara kotu. Wadda ba ta iya rubutu ba, wani zai iya nema a madadinta. Abin da za ki biya bai wuce kuɗin kwafi ba. Da can wasu jihohi na cewa dokar ta tarayya ce kawai, amma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Akwai abin da ba za a ba ki ba, kamar sirrin tsaro da sirrin wani mutum, wannan daidai ne. Amma kuɗin gyaran aji ko haƙa burtsatse ba sirri ba ne.

Wasiƙar ma ba wata doguwa ba ce. Sunan ofishi, kwanan wata, sai ki ce bisa dokar 2011 kina neman sunan ɗan kwangilar aiki kaza a unguwa kaza, nawa aka ba da aikin, nawa aka biya, yaushe za a gama. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi a ɗaya ki dawo da shi gida. Wannan hatimin shi ne ƙarfinki.

Na san abin da wasu ke raya wa a zuci: Hajiya, in ciyaman ko kansilan namu ne fa, ba mun tona wa jam'iyya asiri ba? Wallahi ni a wajena wannan ne ma gatan da za mu yi masa. Mu ne za mu koma gida-gida neman ƙuri'a. Ranar da matar unguwa ta tare ki a zaure ta ce ina burtsatsen da kuka yi mana alƙawari, me za ki ce? In kina da takarda, za ki ce ga abin da aka ware, ga inda aka tsaya, ga ranar da muka je muka tambaya. In ba ki da ita, sai ki sunkuyar da kai, ki ja mayafi. Gara mu tambayi namu a cikin gida da ladabi, da a tambaye shi a rediyo ana saura wata biyu zaɓe. Inda kuma ba namu ne ke kan kujera ba, hujja za mu riƙa, ba zagi ba. Mai gaskiya ba ya tsoron a buɗe littafi.

Ga aikin da nake roƙon kowace shugabar mata ta mazaɓa kafin zama na gaba:

1. Ki zaɓi 'yan mata biyu da suka gama sakandare, masu babbar waya. Su ne za su riƙa duba mana shafukan nan suna yi mana bayani da Hausa.

2. Ku rubuto ayyuka uku da aka yi wa mazaɓarku alƙawari. Ku je ku gani da idonku, ku ɗauki hoton aikin da allon kwangilar in akwai.

3. Ku binciko sunayen matan da ke kwamitin asibiti da na makaranta. Inda babu mace, ku kawo mana sunan wadda ta dace.

4. Ku san zawarawa da iyayen marayun da gidajensu ba su da takarda, ko ake musu barazana. Wannan a kawo min hannu da hannu, za mu nemi lauyoyi mata su ba mu shawara.

Sai gargaɗi. Kada wadda ta turo hoton takardar gidanta, ko lambar NIN, ko ta banki a guruf, 'yan damfara na nan ko'ina. Kada a biya wani ɗan tsakiya a bakin ofis wai zai fito da takarda cikin kwana biyu, a shiga ciki a biya ta hanyar da hukuma ta tsara a karɓi rasit. Kuma kada a yaɗa lissafin da ba a san tushensa ba. Kafin ki kira mutum ɓarawo ki tuna akwai hisabi, kuma ƙarya ɗaya za ta zubar da mutuncin duk aikinmu. Mu je da sallama, mu je mu uku ko huɗu, da izinin mazajenmu, mu yi tambaya, mu rubuta amsa. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya kare gidajen marayunmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Wadda ta karanta ta tura wa matan akwatinta. Mai tambaya ta riƙe ta, ta zo da ita ranar zama.



Taku a kullum,
Shugabar Mata