Na'urar Dangwala Yatsa da Haƙƙin Ma'aikaci: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya a Jos



An umurce ni da in yi bayani a kan na'urar nan da ake kafawa a ƙofar ma'aikatu, wadda ma'aikaci ke dangwala mata yatsa da safe da kuma lokacin tashi, a ƙarshen wata a duba abin da ta rubuta a biya shi albashi.

Asalin maganar ma'aikatan bogi ne. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin biyan albashi na IPPIS, inda ake ɗaukar hoto da zanen yatsun ma'aikaci kafin sunansa ya shiga jerin masu karɓar albashi. A Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunaye 23,846 bayan an gwada su da lambar BVN ta banki. Daga baya makarantun kuɗi, asibitoci, gidajen mai da kamfanoni suka shiga sayen ƙananan na'urori don lura da zuwa aiki.

Ni dai a ganina bai kamata mu ƙi ta ba. Na'ura ba ta san ɗan ƙasa ba, ba ta san baƙo ba, ba ta tambayar unguwarku. Idan ɗan Gangare ko Unguwar Rogo ya dangwala ƙarfe takwas saura, babu shugaban da zai ce bai gan shi ba. Wannan shaida ce a hannunmu.

To amma jama'a, na'ura tana ƙin yatsa. Kun tuna ranar zaɓen 28 ga Maris 2015, na'urar tantance masu zaɓe ta ba Shugaba Jonathan kansa wahala a Otuoke. Ina ga birkila wanda siminti ya cinye masa zanen yatsa, ko mai wanki, ko bakanike, ko tsoho? Ga hunturun Jos da ke busar da fata har ta tsage. Mata masu ƙunshi su ma kan gamu da wannan. Ranar da ta ƙi ka, ko aka ɗauke wuta, kada ka wuce ciki ka yi shiru. Nemi rajista ka sa hannu, ka rubuta lokaci, wani ya shaida. Abin da ba a rubuta ba, a wurin akawun albashi fashi ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A Nuwamban 2008 da Janairun 2010, haka kuma a Agustan 2021, an sa dokar hana fita a garin nan. Wani lokaci ko an sassauta dokar, hanyar da ke tsakanin gida da wurin aiki ba ta biyuwa. Na'ura ba ruwanta, "bai zo ba" kawai za ta nuna. Saboda haka tun ana zaman lafiya ya kamata ma'aikata su nemi a rubuta cikin ƙa'idar aiki yadda za a lissafa irin waɗannan ranaku.

Game da yanke albashi, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai aiki cire kuɗi daga ladan ma'aikaci da sunan tara, sai inda doka ta yarda. Sashe na 7 ya wajabta masa ba ka takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki. Dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikata irin su akawu. Kuma a lura, rashin biyan ranar da ba a yi aiki ba daban, cin tara don lattin minti goma daban.

Zanen yatsanka kuwa ba kamar lambar sirri ba ne da za ka canja in an sace. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa shi cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Kana da ikon tambaya me za a yi da shi, wa ke ajiye shi, har zuwa yaushe. Kana da ikon ganin abin da aka rubuta a kanka, a gyara in kuskure ne, kuma ka nemi mutum ya sake duba hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke.

Inda aka fi samun cikas shi ne ranar tantancewa, domin ba yatsa kaɗai ake nema ba, har da takardu, kuma fom ɗin gwamnati yakan tambayi jiha da ƙaramar hukumar asali. Kowa a nan ya san wahalar takardar shaidar ɗan ƙasa a Jos ta Arewa, ga waɗanda takardunsu suka ƙone a rikicin 2001 da na bayansa. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila, addini ko wurin asali. Duk da haka kada a jira sai an kafa sanarwa. Wanda takardarsa ta ɓata ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya nemi kwafi daga inda aka ba shi ta farko. Takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da takardun albashi a yi musu hoto, a ajiye wani kwafin a wani gida dabam.

Wanda aka tsayar wa albashi ya fara da rubuta koke, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa, sannan ya sanar da ƙungiyar ƙwadagonsa. In abin ya faskara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai kuma reshen Kotun Ma'aikata ta Ƙasa nan Jos.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.