Jawabin Maraba Ga Sababbin Ɗalibai: Zaman Makka Da Lissafin Watan Hajji



Malamanmu, shugabannin ƙungiya, da 'yan'uwa sababbin zuwa, barkanmu da warhaka. An ce in ɗan yi magana kan zama a garin nan. Zan tsaya a kan abu guda: a Makka aikin Hajji ne ke juya komai, kuma ɗalibin da bai sa shi cikin lissafinsa ba zai sha wuya.

Jami'ar Ummul Ƙura ta samo asali ne daga Kwalejin Shari'a da aka buɗe a 1949, ta zama cikakkiyar jami'a a 1981. Babbar harabarta tana Abidiyya, can ta wajen Arfa. Wanda bai samu ɗaki a makaranta ba, ko ya zo da iyali, yakan nemi haya a Aziziyya ko nan Shisha. To, ku dubi inda Shisha take: tsakanin Harami da Mina, a ƙafa ma ana iya zuwa wurin jifa. Wannan kusanci shi ne daɗinta, shi ne kuma tsadarta. Masu gidaje da yawa sun fi son alhazai, domin abin da za su samu a makonni kaɗan ya ninka na watanni. Shi ya sa za ka ji an ce maka hayar wata goma ce, wato kafin alhazai su sauka ka kwashe kayanka.

Saboda haka, kafin ka ba da ko riyal ɗaya, tambayi mai gida ƙarara: Zulƙida da Zulhajji suna ciki? In ya ce eh, a rubuta, a kuma yi wa yarjejeniyar rajista a manhajar Ejar. Maganar baki ba ta tsaya maka ranar da motar alhazai ta tsaya a ƙofa.

Na biyu, lokaci. Shekarar Musulunci tana gaban ta Turawa da kusan kwana 11. Tsayuwar Arfa ta 2024 ta faɗo ran 15 ga Yuni, ta 2025 kuma ran 5 ga Yuni. Kun ga kenan Hajji yana matsowa cikin watannin karatu, haka ma azumi. Mu 'yan injiniya da aikinmu ke bukatar ɗakin gwaji mun san ma'anar wannan: hanyoyi kan rufe, ofisoshi su tafi hutu, malaminka ma ƙila yana cikin hidimar alhazai. Duk sa hannun da kake nema, da duk gwajin da ba ya jira, ka gama kafin ƙarshen Shawwal. Ka kuma duba ranar ƙarewar iƙamarka a Absher, domin daga wannan lokaci ana tsananta bincike a mashigan gari.

Na uku yana da nauyin faɗa, amma dole. 'Yan'uwa daga gida za su kira: "Ga baffanka nan da bizar ziyara, ka ɓoye shi har Hajji." A 2025 hukumar ƙasar nan ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba izini, da har riyal 100,000 ga wanda ya ba shi masauki. Karatunka da zamanka ne a kan faifai. Ka ba baffa haƙuri da ladabi, ka nuna masa hanyar da doka ta yarda da ita.

Kada wannan ya tsorata ku. Hausawa sun daɗe a garin nan. Ku je Shara Mansur ku ji Hausa raɗau, ku ci tuwo. Ga mai bincike kuwa, gadar jifa mai hawa-hawa da jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa tun 2010 darasi ne a fili, kuma jami'armu tana da cibiyar binciken Hajji da Umara.

Daga ƙarshe, wata rana za ka ce ka gaji, Harami sai gobe. Ka tuna akwai manomin da ya shekara goma yana tara kuɗin kujera don ya ga abin da ke bayan ɗakinka. Ka sa ɗawafi cikin jadawalinka kamar yadda ka sa lacca.

Allah Ya ba mu abin da muka zo nema, Ya mai da mu gida da albarkarsa.